Mamuda Digiri da Yatsan da Ya Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya san Mamuda Digiri ya san ba a ce masa ɗan wasa a rabu lafiya. Kana faɗa zai tsaya cak, ko a tsakiyar titin Funtua ne ranar kasuwa, ya sa hannu biyu ya sauke hularsa a hankali kamar mai sauke tukunyar zuma, ya zura yatsu a cikinta, ya zaro wata takarda da aka ninke gida takwas. Kwafin takardar digirinsa ce. Sai ya warware ta a gaban hancinka ya ce, "Karanta. In ba ka iya ba in karanta maka. Ni ba faɗowa na yi cikin abin nan ba, karanta shi na yi. Shekara huɗu, ban da yajin aiki!"

Ya yi wa ɗan sanda haka a shingen hanyar Malumfashi, alhali takardun mota aka tambaye shi. Ya yi wa surukinsa haka ranar neman aure. Ya yi wa mai shayi, ya yi wa wanzami. Ni da idona na ga ya nuna wa wani jaki a Mahuta don ya yi masa kuka yana cikin magana. To, ban rantse a kan jakin ba, amma sauran duk na rantse. Ita kuwa hular, tun ta jami'a ce bai canza ba, kuma ko matarsa Hajiya Lami bai taɓa bari ta wanke ta ba. Ta yi baƙi, ta yi maiƙo, in da za a matse ta wallahi sai a soya ƙosan unguwa guda.

Ni ne Sale, wanda kuke jin muryarsa a rediyo yana tallan taki da maganin sauro, kuke kuma gani da makirufo a wajen biki yana kiran dangin ango. Mu uku muka tafi jami'a daga yankin nan muka karanta wasan kwaikwayo: ni daga Funtua, Bitrus daga Malumfashi, Mamuda daga Maska. Kowa a cikinmu ya samu. Bitrus ya zama mai ɗaukar hoton da daraktocin Kano ke layi a kansa, ni bakina ya ciyar da ni, Mamuda kuwa ya fi mu duka, don shi har kan kwalin sabulu an buga fuskarsa. 'Yan ajinmu suka ce tunda shekara ta zagayo, ni mai ba da dariya in rubuta wani abu a kansa a yi dariya. To ga shi nan. Ku yi dariyar in ta zo muku. Ni dai tawa tun bara take zuwa da ciwon wuya.

Abu ɗaya Mamuda ya nema a duniya bai samu ba, kuma ba gida ba ne ba mota ba. So yake sau ɗaya tak mutanen Maska su zauna a gabansa, su yi shiru, ya yi musu wasa su yi kuka. Shi ke nan. Kuma a gabana aka ɗora masa wannan nauyin.

Mahaifinsa, Alhaji Tanimu, manomin auduga ne, tun lokacin da auduga take auduga, manyan motoci na jerin gwano zuwa wajen gurza a Funtua. A shekararmu ta farko muka yi wani wasa na kotu, aka ba Mamuda lauya. Aka sa masa baƙar riga, muka manna auduga a kan tsohuwar hula muka yi masa irin farar hular nan ta lauyoyi. Ya yi hoto, ya aika gida, bai gaya musu na wasa ne ba. Alhaji ya sa aka yi wa hoton gilashi ya rataye a zaure. Shekara huɗu duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa: "Ɗana ne, lauya." Mamuda na ji, yana sunkuyar da kai, wai kunya.

Muna gamawa sai rikicin iyakar gona ya tashi tsakanin Alhaji da maƙwabcinsa. Aka aika Mamuda ya zo maza. Ya ja ni na raka shi, wai in an tashi duka a raba mana.

Alhaji ya ce, "Yauwa. Ɗauko farar hular nan taka, gobe muna da shari'a."

Mamuda ya ce, "Baba, ni fa ba lauya ba ne."

"Alƙali ne?"

"A'a, Baba. Wasan kwaikwayo na karanta."

"Wasa?"

"Wasa, Baba. Amma na ilimi."

Alhaji ya juyo kaina. "Kai ma wasan ka karanta?"

Na ce, "Shi, Baba."

"Uban naka ya sani?"

Na ce ana dai shirin gaya masa.

Tsohon nan bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ya sauko da hoton, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "To wannan ta kanka fa?"

"Auduga ce, Baba."

Ya ƙara matso da hoton kusa da ido, ya girgiza kai. Ya ce, "Audugar ma lamba uku ce, marar daraja."

Ni dariya ta ƙwace mini. Amma abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Ya zare hoton daga gilashin ya miƙa wa Mamuda, ya ce, "Riƙe kayanka. Ni abin da mutane ke taruwa su yi wa dariya ban san shi a sana'a ba. Ran da ka tara mutanen garin nan suka yi shiru, magana ta shige su har suka zubar da hawaye, ran nan ka aiko a kira ni, zan zo." Bai sake maganar ba har ya bar duniya, kuma ko fim ɗaya na ɗansa bai taɓa kallo ba.

Mamuda ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Kuma da gaskiyarsa, don a ajinmu shi ne gwanin wasan tausayi. Ya taɓa sa wata malamarmu kuka har gilashinta ya faɗi. Muka tattara muka nufi Kano.

Fim ɗinsa na farko aka ba shi uban da zai mutu tun a farkon labari. Mutumina ya ɗauki abin nan kamar jarrabawar ƙarshe. Kwana uku yana zaga asibiti yana kallon yadda marasa lafiya ke numfashi. Ya daina cin abinci don ya rame. Ranar ɗauka ya tare darakta da tambayoyi: "Wace cuta ce ke damun mutumin nan? Me ya ci da safe? Yana shiri da 'yan'uwansa?"

Darakta ya ce, "Malam, don Allah ka kwanta ka mutu, rana na faɗuwa."

Ya kwanta. Jama'a, ban taɓa ganin mutuwa mai kyau irin wannan ba. Ya yi wasiyya, murya na karkarwa, ya yi kalmar shahada, ido ya kafe. Wadda ke fitowa a matarsa kukan gaske take yi. Aka ja zane aka rufe shi, ƙafafu suka leƙo ta ƙasa. Sai babban yatsan ƙafarsa ta hagu ya fara motsi. Sama, ƙasa. Sama, ƙasa. Kamar yana gaida mutane.

Bitrus ne ke riƙe da kyamara. Na ga kafaɗarsa na rawa, kyamarar na rawa, can sai ya durƙushe. Darakta ya ce a sake. Aka sake, yatsa ya gaida mutane. Aka ɗaure shi da zare, ƙafar gaba ɗaya ta ɗauka. Aka rufe ƙafar da bargo, bargon ya riƙa numfashi. Mamuda ya tashi zaune a fusace ya ce shi bai san yana yi ba, kuma wannan ba ya cikin abin da aka koya masa. Darakta ya share hawayen dariya ya ce, "Ku bar shi haka. Wallahi mun samu fim."

Sun samu kuwa. Daga ranar Mamuda bai ƙara kwana da yunwa ba, bai kuma ƙara kwana da farin ciki ba. Kowane furodusa mutuwa yake so. Ya mutu a kan gado, ya mutu a kan babur, ya mutu a layin man fetur, ya mutu a ɗakin amarya. Akwai fim ɗin da ya mutu sau uku saboda masu kallo sun ce ɗaya ba ta isarsu. Kajin Sallah ba su kai shi mutuwa ba. Ya gina gida a Kano, ya sayi mota, ya je Makka, ya kai Hajiya Lami. A can ma, ya ce mini, yana cikin ɗawafi wani Bahaushe ya matso ya leƙa ƙafarsa.

Ya je wa darakta da labarin tausayi, aka ce a sa yatsa a ciki. Ya je wa likita a kashe masa jijiyar, likita ya yi dariya ya ce a yi musu hoto tukuna. Ran nan ya dawo gida ya ce wa Hajiya Lami ya yanke shawara, wanzami zai kira a cire yatsan kowa ya huta.

Hajiya ta ajiye tsintsiya ta ce, "Alhaji, ka cire shi mu ci me? Yatsan nan fa shi ne maigidan. Kai ɗan rakiya ne."

Ya cire hula zai zaro takarda. Ta ce, "Mayar, na haddace ta."

Abin ya kai a Maska aka daina gaya masa rasuwa. Ba ƙiyayya ba ce. Da ya shigo zaman makoki ya ce "Ya haƙuri," sai ka ga manyan mutane suna cusa rawani a baki. Maigari da kansa ya aika masa, cikin girmamawa, cewa addu'arsa daga Kano ma tana isowa, kada ya wahalar da kansa da hanya.

Amma rasuwar Alhaji Tanimu ba yadda za a yi a ɓoye masa. Muka zauna a zauren nan, ƙusar da hoton ya taɓa rataya tana nan a bango. Mamuda ya tuɓe takalmi ya miƙe ƙafa a tabarma. Duk wanda ya shigo gaisuwa, bakinsa na cewa "Allah ya jiƙan Alhaji," idonsa na kan ƙafar hagu. Can kuka ya ci ƙarfin mutumina, ya kifa kai yana shessheƙa kamar ransa zai fita. Sai na ji wani tsoho a gefe ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Kai, yaron nan ya iya!"

Mamuda ya ji. Ya ɗago, ya share fuska, ya matso kunnena ya ce, "Sale, ara mini safarka."

Kwana uku ya yi da safa a ƙafa, cikin zafin bazara, yana karɓar gaisuwar ubansa. Ran kwana na ukun ya ce mini, "Ya tafi ban aika an kira shi ba." Na ce to ai shi ke nan, magana ta wuce. Ya ce, "Shi ya tafi. Maganar tana nan."

Kun san abin da ya sami yankinmu, ba sai na faɗa muku ba. Auduga ta tafi tun da daɗewa, injinan gurza suka yi shiru. Muka ce to ga masara, ga waken suya. Sai 'yan bindiga suka zo. Gonakin nesa aka bar su ɗaya bayan ɗaya, har gonar da Alhaji Tanimu ya so a yi shari'a a kanta. Yau ba shi ba maƙwabcin, iyakar da suka yi rigima a kanta ciyawa ta cinye, ba mai zuwa ya duba. Mutum yana tsaye a bayan gari yana hango bishiyar gonarsa, amma ta fi masa Makka nisa.

Wannan ne ya sa bara Mamuda ya kira ni da Bitrus gidansa. Ya fito da wasan da ya rubuta a shekararmu ta ƙarshe, ya sake masa fasali. Labarin wani tsohon manomi ne da ke fita bayan gari kullum ya tsaya yana kiran sunayen gonakin da aka bari, har ran da ya faɗi a wurin. Shi ne tsohon, ni ne ɗansa da ya dawo daga birni, Bitrus zai ɗauka. A filin firamaren Maska za a yi, kyauta, bayan an gama girbi, daga la'asar a tashi kafin magariba, don yanzu ba mai yarda duhu ya same shi a hanya.

Bitrus ya ce, "Digiri, cire mutuwar nan. Ka san halin mutanenka."

Mamuda ya ce, "Manomin da aka raba da gonarsa, me ya rage masa? Rawa?"

Na ce, "To sa takalmin roba, irin dogon nan."

Ya ce, "Ka taɓa ganin Babana da takalmi a gona? Ƙarya ba ta sa mutum kuka. Yatsan zan koya wa hankali."

Ya kuwa shiga koya masa. Wata biyu, kullum bayan azahar, sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya mutu, Hajiya Lami na zaune a gefe da muciya. Yatsa na motsi, ta sauke masa. Ta ce mini tunda aka yi aurensu ba ta taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Yatsan ya kumbura ya yi kamar dankali, amma bai daina ba. Sai dai ya koyi jira: ya yi lamo, Hajiya ta waiwaya, ya gaida ta.

A wajen gwaji kuwa mutumin nan ya zame mana soja. In na yi tari sai a sake daga farko. Wata rana akuya ta shigo tsakaninmu na tsaya, ya yi mini faɗa kamar na zagi uwarsa. "Ba a tsayar da wasa! Ko sama ta faɗo, ka ƙarasa maganarka. In na faɗi, kada ka duba ni, kada ka taɓa ni, ka kai zancenka ƙarshe. Wanda ya tsaya a tsakiya bai karanta ba, faɗowa ya yi!"

A kwanakin nan na sha ganin yana murza ƙirji. Hajiya ta ja ni gefe ta ce, "Malam Sale, ka ja abokinka asibiti, ni ba ya jin maganata." Na tambaye shi, ya ce tuwon dawa ne ya tsaya masa. Ni kuma, ɗan ba da dariya, na ce ai wanda ya mutu sau dubu ba ƙirji ne zai kashe shi ba. Muka yi dariya har da tafawa. Wannan tafin har yau ina jin sa a hannuna.

Ranar wasa Maska ta cika. Daga Mahuta aka zo, daga Funtua aka zo, babura kamar an zubo su daga buhu. Mata a gefe guda, maza a gefe guda, bishiyoyi duk sun yi 'ya'yan mutane. Maigari aka sa masa kujera a gaba. Kusa da shi Mamuda ya sa aka ajiye wata kujerar, ba kowa a kai, ya ce kada a bar kowa ya zauna. Ban tambaye shi ta wa ce ba.

Ya fito da tsohuwar riga, da fartanya a kafaɗa, ƙafa ba takalmi. Ko baki bai buɗe ba filin ya ɗauki dariya. Ya yi sallama, dariya. Ya yi tari, dariya. Na ga muƙamuƙinsa ya motsa, amma bai kula su ba. Ya taka zuwa bakin fili, ya sa hannu a goshi yana hangen yamma, inda gonakin suke da gaske, ya fara kira.

"Fadamar Tsamiya. Wa ya noma ki bana?"

Dariya ta ragu.

"Kwarin Maje. Bakin Rafi. Gonar Dutse, inda aka binne cibiyata. Ina gaishe ku. Ba ƙin ku muka yi ba."

Ba sunayen ƙirƙira ya sa ba, na gaske ne, kuma masu gonakin suna zaune a wurin. Jama'a, filin nan ya yi tsit. Na ji kukan kurciya daga bayan aji. Na ga wata tsohuwa ta kai bakin mayafi ga bakinta. Na ga Maigari ya sunkuyar da kai. Na ce a raina, Allahu akbar, Digiri ya kama su.

Ya buɗe baki zai kira gona ta gaba, sai fartanyar ta zame, ya dafe ƙirji, ya faɗi.

Saura shafi biyu kafin wurin faɗuwarsa. Har na ji wani ɗan daɗi, na ce yau dai mai digiri ya yi mantuwa, zan samu abin tsokana har tsufa. Wani daga kan bishiya ya ƙwala, "Ya mutu! Ku duba yatsa!" Shi ke nan. Shirun nan ya fashe kamar tulu. Dariya, tafi, fito. Filin gaba ɗaya ya ɗauka: "Yatsa! Yatsa! Yatsa!"

Ni kuma na yi abin da aka koya mini. Na durƙusa a gefensa, ban taɓa shi ba, na fara doguwar maganata ta ƙarshe, ta ɗan da ya dawo ya tarar da uba a ƙasa. Ban taɓa yin wasa mai kyau kamar na ranar ba, Allah ya sani. Ban tsallake kalma ɗaya ba. A tsakiya na saci kallon ƙafar hagu. Yatsa na tsaye, ko gezau. Daɗi ya kama ni. Na sunkuya kamar ina kuka, na raɗa masa, "Ka ci shi, mutumina. Riƙe shi haka, saura kaɗan." Na ci gaba.

Bitrus ne ya yar da kyamara a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba tunda na san shi. Ya keto fili a guje yana ihu: "Sale! Sale, bar maganar nan! Shekara ashirin ina kallon yatsan nan ta gilashi, bai taɓa yin shiru haka ba. Ɗaga shi!"

Har muka cicciɓe shi wasu na tafi, suna zaton cikin wasan ne. Sai da Hajiya Lami ta ratso maza ba mayafi, sannan aka gane. Kukan da ya tashi a filin nan ban taɓa jin irinsa ba. Mata, maza, tsofaffi, har wanda ya fara kiran yatsa daga kan bishiya. Maska gaba ɗaya ta yi kuka a gaban Mamuda, shi kuwa yana bayan mota, kansa a cinyata, bai ji ko ɗaya ba.

A asibiti a Funtua ya farfaɗo washegari da hantsi. Ya dube ni, ya dubi Bitrus. Muryar kamar ta sauro.

"Ka ƙarasa maganarka?"

Na ce, "Saura layi uku. Bitrus ne ya katse ni."

Ya harari Bitrus. "Kai dama hoto ka fi mayar da hankali." Sai ya juyo kaina ya ce, "Sun yi kuka?"

"Har maza. Har Maigari."

"Don wasan, ko don ni?"

Na ce, "Don wasan."

Ya ɗan yi murmushi. "Ƙarya kake. Kai ko a jami'a da kyar ka tsallake."

Sai na gaya masa gaskiya. Na ce kukan nasa ne, amma kafin ya faɗi sun yi shiru, shiru na gaske, wanda wasan ne ya sa su. Na ba shi labarin kurciya, da tsohuwa mai mayafi.

Ya ce, "Shirun ya kai tsawon me?"

Na ce, "Kamar mutum ya sha ruwa ya ajiye moɗa."

Ya rufe ido. Ya ce, "Bai isa a aika a kira Baba ba."

Kafin azahar ya cika.

Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka. Ku yafe mini, amma ba zan ɓoye ba: ana zuba ruwa ni ƙafar hagu nake kallo. Ana naɗa likkafani ina kallo. A raina ina cewa, haba ɗan'uwa, sau ɗaya dai, yau ba mai dariya, wallahi ba mai dariya. Har aka ɗaure ƙafafun ban ɗauke ido ba.

Ba a yi sadakar uku ba sai ga faɗuwarsa tana yawo a wayoyi. Wani a cikin taron ya ɗauka, aka yanke sunayen gonakin, aka bar faɗuwar, aka ɗora mata sautin dariya da wani ɗan kiɗa. An ce duk finafinansa ba wanda aka kalla kamar wannan. Har ni an turo mini, da saƙo a ƙasa: "Mutuminka ba ya tsufa." Abin da Bitrus ya ɗauka kuwa, mai shirun a ciki, yana nan a akwatinsa. Mun kai wa mutum uku a Kano, kowa ya ce yana da kyau, amma wa zai kalla? Gonakin da ya kira har yau ba wanda ya koma. Ni kuma ina nan ina tallan taki ga mutanen da ba su da inda za su zuba shi, ranar Asabar in ɗauki makirufo in kira dangin ango.

Bayan arba'in Hajiya Lami ta aiko mini da hular. Ta ce ita ba za ta iya buɗewa ba. Na zura yatsu yadda yake yi. Takardar digirin ta fito, ninkin ya cinye rubutun, ko sunansa ba a gani sosai. A bayanta akwai wani abu da bai taɓa zarowa a gaban kowa ba: hoton nan ne, saurayi da baƙar riga da hular auduga lamba uku, yana murmushi kamar duniya tasa ce. Shekara da shekaru yana ɗauke da shi a ka, muna zaton takarda ɗaya ce.

Na mayar da su yadda suke. Hular ban wanke ba.

Allah ya jiƙan Mamuda ɗan Alhaji Tanimu. Allah ya yafe masa, ya yafe mini layukan da na tsaya ina karantawa a kansa. Ya sa dariyar da ya ba bayin Allah, wadda shi bai so ba, ta zame masa nauyi a mizani. Allah ya haɗa shi da mahaifinsa a inda ba a tambayar kowa takarda, ya zaunar da su kusa da juna, ba sai an aika kira ba. Amin.